Ƙasa-ƙasa da Ruwa

"Kowa ya kwanta!"

Tsakar rana suka dira gonar lu'ulu'u ta tsibirin Aru, su huɗu, a ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. Daeng Rapi, ogansu, ya harba bindiga sama. Matan da ke tantance lu'ulu'u suka zube ƙasa. Wani tsohon maigadi ya kai hannu aljihu. Tau! Ya faɗi. Ashe carbi zai ciro.

Haerul, ɗaya daga cikin huɗun, ya daskare a kan gadar katako. An yi masa alkawari ba za a zubar da jini ba. Shekara goma sha takwas ya yi a jirgin ruwan sintiri yana gaban na'urar hango jirage kafin a kore shi kan shaye-shaye. Shi ya ba su dabarar: idan teku ya kwanta, jirgi ya bi ƙasa-ƙasa da ruwa, na'urar kan ga jirgi biyu, na gaske da inuwarsa a ruwa, sai ta ruɗe ta kasa riƙe ko ɗaya.

Aka loda buhuna. Matuƙin ya ce nauyi ya yi yawa, dole mutum ɗaya ya rage. Daeng ya juyo da bindiga kan Haerul.

"Malam, ka gama naka. A gaida mutanen gida."

Jirgin ya tashi ya bar shi tsakiyar matan. Ba wadda ta zage shi. Ɗaya ma ta ce ya zo ya danne raunin maigadin, hannunta ya gaji. Ya danne. Tsohon ya cika a hannunsa.

Can a jirgin sintiri kuwa, Laftana Wulandari na ta fama. Ɗigon da ke allonta ya hau, ya nutse, ya ɓace. Sai wata murya ta shigo ta rediyon gonar, ta ce ta daina bin na ƙasa, inuwa ce, ta ɗaga hancin na'urar kaɗan, ta riƙe kusurwa kawai, sun nufi yamma da garin Dobo.

Nan take ta gane. Muryar nan ce ta koya mata aikin.

"Malam Haerul? Me kake yi a can?"

Ya ajiye rediyon.

Kafin la'asar aka tare 'yan fashin inda suka sauka shan mai. Matuƙin ya mutu a musayar wuta, Daeng ya rasa ƙafa, shi da na huɗunsu aka yi musu ɗaurin rai-da-rai. Haerul ya samu shekara goma sha biyu.

Ranar shari'a Wulandari ta ba da shaida cewa ba don shi ba da sun tsere. Matar maigadin tana zaune a gaba, ta juyo ta dube shi. Ya so a ce ƙarya laftanar ta yi, a ƙara masa shekaru. Har aka fita da shi bai ɗaga kai ba.