Fuskar Malama Furera

Ranar da Abdulkabir ya fara ganin Furera, dariya take yi wa jarumar fim ɗinsu, kuma tsakani da Allah ba laifinta ba ne.

Da kaka suka zo wani ƙauye a gefen Makoda, lokacin da kowane gida ke ƙamshin suyar gyaɗa, don su ɗauki fitowar wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Suka ari tsakar gidan Gwaggo Hure. Jarumar, fara sol da ita, ta tsuguna gaban tunkuza da dogayen farcen roba, ta danna, ta danna, ko ɗigon mai bai fito ba.

"Haba baiwar Allah, ai ba lallashinta ake yi ba," in ji wata daga bakin rumbu. "Matsa ki gani."

Abdulkabir edita ne, aikinsa a gaban kwamfuta yake, amma kamfanin ƙarami ne, ranar shi aka ba riƙon allon haske. Ya juya, ya ga budurwa ta naɗe hannun riga ta durƙusa. Baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi. Ta yayyafa ruwan zafi, ta murza, ta sake murzawa, sai ga mai yana tsattsafowa. Gogan naka ya manta da allon, sai da darakta ya daka masa tsawa.

Furera ce, 'yar ƙanin Gwaggo Hure, malama a firamaren garin. Nan take furodusa, Hajiya Zakiyya, ta ce ita za a ba fitowar. Mahaifinta, Malam Abdulƙadir, ya ce sam. Sai da yayarsa ta yi ta magiya kafin ya sauko.

"Da mayafinta, ba rawa ba waƙa," ya ce. "Kuma yadda ta fito daga gidana, haka za ku nuna ta."

Abdulkabir ne ma ya yi caraf ya ce, "In sha Allahu, Baba." Wa ya aike shi!

Kafin su tafi ya roƙi lambarta a wajen Gwaggo Hure, wai ko za a buƙaci gyaran murya. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Muryar ce kawai?"

Bayan kwana uku ya tura saƙo:

"Malamata, fitowarki minti biyu ce, amma yau kwana uku ina kanta. Ba aikin ne ya yi wuya ba, idona ne ya ƙi wucewa."

Ta amsa:

"Ɗan birni, ka ji tsoron Allah ka yi wa mutane aikinsu. Ni dai kada ka sa yarana su yi mini dariya."

Daga nan duk ƙarshen mako yana cikin motar Ɗambatta, ya sauka ya hau ɗan acaɓa. A zauren Gwaggo Hure suke zance, tsohuwa na kai da kawo tana gyaran murya. A nan Furera ta ba shi labarin yaƙin da take yi. 'Yan matan aji shida sun fara tara kuɗin da ake ba su na abincin tara suna sayen man bilicin.

"Kullum ce musu nake, ku dube ni, me ya rage ni?" ta ce. "Akwai ma wani Kamaruddeen mai shagon kayan shafa a Ɗambatta, ya ce yana sona, sai ga toshi: man haske kwalba biyu. A ranar na mayar masa."

Abdulkabir ya yi dariya, ya ce maganinsa ke nan. Har ga Allah bai tuna da nasa laifin ba.

To, a inda yake aiki akwai abin da ba a faɗa, yi kawai ake. Duk macen da za ta fito, sai edita ya ja mata haske a fuska kafin fim ya fita. Hajiya Zakiyya kan ce kasuwa ba ta son duhu. Shekara shida yana yi, hannunsa ya saba, ba ya ko jiran umarni. Ita ma Furera ya yi mata, kuma a cikin kwanakin nan uku da ya yi yana kallonta yana murmushi.

Ranar Juma'a aka saki fim ɗin a Yutub. Asabar shiru, Lahadi ta ƙi ɗaga waya. Litinin da hantsi sai ga hoto ya shigo masa: fuskar Furera daga fim ɗin, jawur da ita kamar ba jinin Malam Abdulƙadir ba. Kamaruddeen ne ya ɗora a wayarsa, ya rubuta a ƙasa, "Har Malama ta gane gaskiya. Man yana nan a shagonmu."

Saƙonta ya biyo baya:

"Wace ce wannan? Yau Maijidda 'yar ajina ta ɗaga hannu ta tambaye ni wane mai na shafa ranar. Na tsaya gaban yarana na rasa bakin magana. Idan ita kake so, ka je ka neme ta. Ni ban san ta ba."

Kunya ta rufe Abdulkabir, irin wadda mutum ke neman ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe ɗanyen hoton, ya ajiye kusa da wanda ya gyara. Ya rasa wa zai ɗora wa laifi. Ba wanda ya ce masa ya yi.

Washegari ya sami Malam Abdulƙadir a gona yana ɗaure damin dawa. Ya tsuguna ya gaishe shi, dattijon ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Baba, na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka taka mutum ba ka gani ba. Kai zama ka yi, ka dubi halittar Allah, ka ce da saura." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Mutumin da ya ji kunyar fuskar 'yata a akwatin aikinsa, shi zan ba ta ya kai gidansu? Tashi ka tafi, yaro."

Ya tashi ya tafi. A mota ya rubuta mata saƙo sau biyar yana gogewa, daga ƙarshe ya tura:

"Malamata, ba zan ce miki ba da gangan na yi ba, don wannan ya fi muni. Na saba ne. Ina jin kunyarki, ina jin kunyar kaina. Kada ki yafe mini tukuna."

Ba ta amsa ba.

Ya je wajen Hajiya Zakiyya ya roƙi a sauke fim ɗin a gyara. Ta riƙe haɓa.

"A sauke? Bayan jama'a sun kalla? Kai ka fara? Ni da kake gani, baƙa ce, shi ya sa na ƙare a bayan kamara. Haka na tarar da harkar." Ta saki haɓar. "Ɗauki ɗanyen hoton ka je ka wanke kanka. Amma fim ɗina yana nan yadda yake."

"Hajiya, daga yau ba zan ƙara ja wa kowace mace haske ba."

"To sai ka nemi wani wajen aiki."

Ya ajiye mata makullin ofis ya fito.

Gwaggo Hure ce ta shige masa gaba wajen hedimasta, aka ba shi izinin yi wa yaran bayani. Ranar Alhamis ya shiga aji shida da kwamfutarsa, iyaye mata sun cika tagogi. Furera na can ƙarshen aji ta harɗe hannu, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya nuna fuskarta ta gaskiya. Sannan ya ɗora yatsa ya ja a hankali, fuskar ta riƙa washewa a gaban idonsu. Ajin ya ɗauki salati.

"Malamarku ba ta shafa komai ba," ya ce. "Ni ne. Da yawa daga waɗanda kuke gani a fim, haka ake musu. Shekara shida ina yi. Man da kuke saya don ku kamo su, su ma ba su kai can ba, yatsana ne."

Maijidda ta ɗaga hannu. "To me ya sa ka yi mata?"

Ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. "Saboda an koya mini cewa irinku ba ku isa a kalla ba, ni kuma na yarda ban tambaya ba."

"Ka mayar mana da ita," in ji yarinyar.

Ya ja yatsan baya. Furera ta dawo, baƙa, tana dariya gaban tunkuza. Wata mata a taga ta rangaɗa guɗa. Sai a lokacin ya hangi Malam Abdulƙadir tsaye a gindin darbejiya, hannu a baya.

Da la'asar saƙo ya shigo:

"Ɗan birni, ka sha kunya yau, har na tausaya maka. Kaɗan. Baba ya ce ka turo manyanka, amma wai ka fara samun abin yi."

Ya samu. Ya buɗe ɗan shagon ɗaukar hoto a Ɗambatta. Wasu amare kan fita da fushi don ya ƙi ƙara musu haske, wasu kuma saboda hakan suke zuwa. Kamaruddeen ya goge hoton shiru-shiru bayan Gwaggo Hure ta je har shagonsa ta wanke shi tas a gaban masu ciniki.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya ɗauki hotunan biki. Ya duba kamara, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Ango, amarya fa ta yi duhu a nan. A ɗan taɓa?"

Furera ta ji. Ta ɗan ɗaga mayafi ta dubi mijinta.

"Ni ka taɓa in ka ga dama," in ji Abdulkabir. "Ita kuwa, matso da fitilarka ka koyi aiki."

Gwaggo Hure ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta dafa kawunansu ta ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya mata masu kama da uwarsu sak."

Abdulkabir ya riga kowa cewa amin.