Sawun Barira

"Wata nawa?" Yaya Hassu ta sake tambaya, idonta na kan allon na'ura.

"Goma sha ɗaya," in ji Tanimu.

"Wata goma sha ɗaya ba ka share Teburin Numfashi ba! Kanka ɗaya kuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Hassu ce shugabar masu kula da Rumbu, kuma yayar Barira ce, matarsa da ta rasu bara.

Tun da iskar waje ta gurɓace aka kife birnin Gangare da rumfar gilashi. Rumbu, babbar na'urar birnin, shi ke raba iska gida-gida. Kowane mutum yana da layinsa a Teburin Numfashi. Idan numfashinsa ya sauya, na'urar ba ta goge tsohon layin, sai ta rubuta sabo ta bar tsohon a kwance. Ma'aikata suna kiran waɗannan tsofaffin layuka sawu. Aikin Tanimu bai wuce danna maɓallin shara kowace Laraba ba, don kada sawu ya taru ya toshe hanya.

Ranar Talata Barira ta rasu. Washegari da ya zo shara, sai ga sawunta a allon tantancewa: numfashinta na kwana shida, ja da saki, har da inda ya sarƙe lokacin da Tanimu yake ba ta dariya a gadon asibiti. Sawu ba ya kwafuwa, a allon nan kaɗai ake ganinsa, kuma shara ba ta zaɓe. Ya janye yatsansa. Laraba ta gaba ma haka.

"Da can Rumbu kan amsa kafin ƙiftawar ido," in ji Hassu. "Yau sai ya tsallake sawun mutum miliyan uku kafin ya iske mai rai. Daƙiƙa arba'in, Tanimu. Da hantsin nan tsofaffi biyu suka shiɗe a Unguwar Marina suna jiran iska. Ɗaya ba ta farfaɗo ba."

Ya miƙa hannu wajen maɓallin shara. "To bari in share yanzu."

Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Yanzu? Ango ya farka! Ƙaramar shara ta daina ci. Sai an kulle teburin an sake gina shi. Minti hamsin babu rabon iska, tankunan iskar asibiti kuwa na minti talatin ne."

"In aka bari fa?"

"Kafin Juma'a Rumbu zai tsaya da kansa."

Tanimu ya taɓa allon. Layukan Barira suka bayyana, suna hawa suna sauka kamar ƙirjin mai barci. Hassu ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Nan ne ta yi dariyar?"

"Nan ne, Yaya."

"Ai da ka nuna mini tuntuni," ta ce a hankali, ta kau da kai.

Ya lissafa gadajen asibitin a zuci, bai iya kai ƙarshe ba. Ya so ya riƙe numfashin mutum ɗaya, ga shi zai ɗauke na waɗanda bai ko san sunansu ba. Ya jawo makirufon sanarwa, wanda ke kai murya kowane gida a Gangare.

"Jama'a, sunana Tanimu, mai sharar Rumbu. Ni na bar sawu ya taru, ba na'ura ba. Kowa ya zauna, ya rage motsi, a kai wa asibiti duk tankin da ke gida. Ƙarfe biyu daidai zan kulle teburin."