Yankan Sauransu

Ni fa babu abin da ban sani ba a kwamfuta, ku tambayi kowa a kamfaninmu na kwasar shara. To, kunnawa dai ban iya ba. Rubuta sunana ma sai na yi gumi, don wani mugu ya watsa haruffan, ba a jere suke ba. Amma tura maus, ɓeran kwamfutar nan, kam na iya, kuma shi ya jawo min. Suruki, ajiye wayar nan ka saurara.

Ranar na dawo daga juji gab da magariba, na faka mota, na hau ofis in rataye makulli. Kowa ya tashi sai Sakatariya, ta tasa kwamfuta gaba tana ta tsaki. Wai gobe Manaja zai nuna wa baƙi ire-iren sharar da muke kwasa, kuma a zane yake so.

Na ja kujera. Ta buɗe abin nan mai gida-gida kamar ragar kaji, ta jera: leda, ragowar abinci, kwalabe, tsumma, kowanne da lambarsa a gefe. Ta shafe su da maus, ta danna wani wuri a sama, sai ga da'ira ɓul, an yayyanka ta kamar kankana.

Ta ce, "Fai cat ake ce masa."

Na ce, "Ai na sani."

Ta shiga canza launi, tana liƙa wa kowane yanka sunansa. Har ta kama yankan leda ta ɗan jawo shi waje, wai don ya fi fitowa. Ta ce, "Direba, kai da ke shan warinsu, wace kala ta dace da ragowar abinci?"

Na ce, "Kalar amai."

"Allah ya shirye ka."

Sai na hango wani siririn yanka a maƙale can gefe. Na tambaya. Ta ce, "Sauransu ke nan, kashi uku cikin ɗari. Duk abin da ba shi da suna."

Ita a wurinta kalma ce. Ni na san Sauransu, ni nake ɗaukarsa. Mushen kare da ya kumbura. Ƙunzugun da ya kwana a rana. Dunƙulen gashi. Ƙullin baƙar leda da za ka ɗaga ka ji shi da ɗumi, ka jefa ba ka tambaya ba.

Mijinta ya kira, ofis ɗin kuwa sabis ba ƙarfi, sai an sauka ƙasa. Tana fita ta ce, "Kar ka taɓa min komai."

Na taɓa.

Na ɗora maus a kan Sauransu, na danne, na ja kamar yadda na ga ta yi.

Cakwal.

Kun san ƙarar da takalmi ke yi in ka zaro shi daga kwata? Ita ce.

Fanka ta tsaya. Titi ya yi tsit, ko hon babu.

Sai wari.

Jama'a, ni da nake cin abincin rana a bakin juji, ba wari ne zai ba ni tsoro ba. Amma wannan nauyi gare shi. Ya shiga bakina ya kwanta a kan harshe kamar daskararren kitse. Daga giɓin da na buɗe wani ruwa ya fara tsatsowa, kore-kore, yana bin gilashin yana ɗiga kan haruffa. Ɗis. Ɗis. Gidajen nan na ragar kaji kuwa, kowanne farar tsutsa ce ke leƙowa.

Ƙuda ɗaya ya fito daga giɓin, ƙato, ya sauka a leɓena.

Aka ce, can ƙasa-ƙasa, "Direba."

Ni kuma wawa na ce, "Na'am."

Muryar a jiƙe take, kamar mai magana da majina cike da maƙogwaro. "Ka fitar da ni."

"Kuskure ne, ranka ya daɗe."

"Da'ira ba ta zama da giɓi. Sai ta cika ɗari."

Ina kallo sunan da ke gefen giɓin ya narke. Wani ya fito a wurinsa. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na iya karantawa.

Direba.

"Kashi uku kawai," in ji shi. "Ina zan yanka?"

Na ce, "Ga tumbi, ɗebi."

"Ya fi uku."

Na ji numfashi a kunnena, mai ɗumi, yana shinshinawa. Ya koma hanci. Ya gangara wuya. Ya ci gaba da gangarawa, ya wuce cibiya. Nan fa na ce a'a, ba da ni ba.

Na yunƙura in tashi. Hannu ya ƙi.

Na duba. Maus ya yi laushi. Ya yi gashi. Ya kumbura ya yi ruwa, wayarsa na kaɗawa kamar jela. Yatsana ya nutse a cikinsa har gaɓa.

 

Duk addu'ar da na sani ta gudu, sai ta shiga banɗaki ta rage. Na ce ai ko ta dace. Na karanta ta, na danne mushen maus ɗin nan, na fara tura yankan.

Yana turjewa.

Ina turawa.

Yana dariya, ruwan na fantsamo min a fuska.

Saura kaɗan.

Ƙas!

Da'ira ta rufe. Na fizge hannu, na yi waje. Matakala ban san yadda na sauke ta ba. Na wuce Sakatariya tana waya, ta toshe hanci ta ce, "Kai Direba, ka riƙa wanka mana!"

Sai a bakin get na duba hannuna. Kan yatsa babu. Ko jini bai fito ba, an yanke shi sumul.

Washegari aka nuna wa baƙi zane, suka yi tafi. Abu ɗaya ne, siririn yankan nan ya koma kalar fatar mutum, kuma duk yadda Sakatariya ta danna ya ƙi canzawa. Ni kuwa tun ranar in na ga an yanka kankana, sai in tashi in bar wurin. Ga yatsan nan, ku gani da idonku.

Jiya da nake ba da labarin nan, ina kaiwa nan sai surukin nan nawa, mijin 'yata, ya kama hannun ya jujjuya. Ya ce, "Baba, da wane hannu ka riƙe maus ɗin?"

Na ce, "Da dama mana, ni bahago ne?"

Ya ce, "To ai wannan na hagu ne."

Kafin in haɗa amsa, uwar 'ya'yan ta ɗago murya daga kicin. "Ƙofar motar shara ce ta datse shi! Ni na kai shi asibiti, yana kuka yana kiran uwarsa!"

Na ce, "Ke da wa ake magana?"

Ta ce, "Da sauransu."