Iyafis ɗin Hagu

Wanne ya fi sauƙin ɗauka ga budurwar da aka kusa sa wa rana: a ce mata mai girman kai, ko a ce mata mai nakasa? Na sha juya tambayar nan a raina tun bayan abin da ya faru da Tunu, har yau ban sami amsar da ta zaunar da ni ba.

Da tsakar rana ta iso rumfar Kombo a kasuwar Kariakoo, ta dire ɗan farin akwatin iyafis a kan teburin gilashi, har wayoyin mutane da ke jere suka motsa.

"Ga kayanka!"

Kombo ya ɗago daga wayar da ya buɗe wa ciki. Gyaran waya ne sana'arsa, kuma shi ne danginsa suka je neman aurenta kafin azumi. Iyafis ɗin ma shi ya saya mata, irin marasa igiyar nan, don ta riƙa jin waƙa tana ɗinki.

"Ko sallama babu, zumata?"

"Sallamar ta mutu tare da na hagun. Karo nawa ke nan ina kawo maka? Kullum ka juya min baya, ka ɗan taɓa, ka ce ya gyaru. In je gida, shiru!"

"To bar shi, da yamma zan..."

"Babu yamma. A gabana za ka yi yau. In ba ka iya ba ka faɗa, masu gyara sun fi ƙudaje yawa a layin nan."

Ya yi murmushi, amma murmushin bai kai idonsa ba. Ya jawo mata kujera.

Ya fara da abin da kowane mai gyara ke farawa da shi. Ya ɗauki ɗan buroshi ya share ragar bakin iyafis ɗin, inda dattin kunne ke toshewa. Ya tsoma auduga a sifirit ya goge 'yan ƙarafunan caji na cikin akwatin. Ya mayar da su biyun, fitilunsu suka kama tare. Ya karɓi wayarta ya goge sunansu daga bulutut, ya danne maɓallin akwatin har fitilar ta yi ja ta koma fari, sannan ya sake haɗa su. Ya shiga saitin sauti ya nuna mata layin da ke raba hagu da dama.

"Kin gani? Yana tsakiya daidai."

"Na gani. Kunna."

Ta saka su, ya kunna mata waƙar taarab ɗin da take so. Ta ɗan saurara, ta zare na hagun ta miƙa masa.

"Matacce ne. Ai na faɗa maka."

Kombo ya karɓa. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Sannan ya kai shi kunnensa, ya rufe ido, leɓensa suka fara bin waƙar, baiti da baiti, daidai da abin da take ji a kunnenta na dama.

Tunu ta kashe waƙar.

"Tunu..." ya ce a hankali. "Cire na daman, ki sa shi a hagu."

"Ba zan sa ba."

"Sau ɗaya kawai, masoyiyata."

"Na ce ba zan sa ba! Kayan banza ka saya min, kana neman ɗora wa kunnena."

"Ba abin da ya taɓa samunsa. Tun zuwanki na farko na gwada, duka biyun suna yi. Abin da na yi kawai, na juya saitin yadda duk sautin zai riƙa fitowa a kowanne, don kada rabin kiɗan ya ɓace miki."

Hayaniyar kasuwa ta ci gaba a bayansu, masu kura suna ihun a ba su hanya. Tunu ta zuba masa ido.

"Ka sani?"

"Na yi zato... tun zazzaɓin da ya kwantar da ke a damina."

"Ka sani, kana kallo mamanka tana wanke ni a gari, ka yi shiru?"

Nan ne ciwon yake. Bi Mwanaidi, mahaifiyar Kombo, da farko ba ta ƙi Tunu ba. Amma wata rana a kasuwar kifi ta ƙwala mata kira har mutane suka waiwayo, Tunu ta wuce ko kallo. A wajen maulidi ta ce ta miƙo mata ruwa, Tunu ta ci gaba da kallon gabanta. Jiya da Tunu ta je ta durƙusa ta ce "Shikamoo," gaisuwar girmama manya da ba a hana yaro amsarta ta "Marahaba", tsohuwar ta kau da kai ta ci gaba da tsinke alayyafo. Ta kuma aika cewa ranar Lahadi dangi za su zauna a kan maganar auren.

"Na rasa yadda zan yi ne," in ji Kombo. "In na faɗa miki, na karya miki zuciya. In na faɗa mata ba da saninki ba, na tona abin da ba nawa ba. Sai na ce bari in jira ki gane da kanki."

"Ka kyauta. Ka jira har an kusa fasawa."

"Yau zan je in faɗa mata."

"Ka faɗa mata me? Matar da ta hana yayanka auren wata yarinyar garin Tanga saboda an ce kakarta na da asma? Ita za ka je ka ce wa surukarta kurma ce?"

"Ba kurma ba ce ke..."

"Gwaggona ma da kunne ɗaya ta fara. Na ga yadda aka dawo da ita gidanmu da akwatinta." Ta dube shi ido cikin ido. "Mai girman kai ana mata faɗa ta gyara, Kombo. Ni fa? Wane faɗa za a min?"

Kombo ya yunƙura zai yi magana, ta riga shi.

"In ka buɗe baki, wallahi ni da kaina zan fasa."

Ta kwashi wayar da akwatin ta jefa a jaka, ta fita. Ya bi ta har bakin titi yana kiran sunanta. Ko ta ji ta ƙi juyowa ne, ko ta gefen hagu yake, shi ma bai sani ba.

*

Ranar Asabar bayan azahar ta tashi daga kan keken ɗinki ta kishingiɗa a tabarma. Kamar kullum, ta kwanta a kan gefenta na dama. Kamar kullum, unguwar gaba ɗaya ta ɗauke: babu rediyon maƙwabta, babu mai tallar rogo, babu hon ɗin daladala, motocin hayar nan.

Watanni ke nan tana kiran wannan hutu. Har ta sha yi wa ƙawayenta alfahari cewa ita barcinta ba ya jin hayaniya.

Ta ɗaga kai, duniya ta dawo. Ta mayar, ta tafi.

Hawaye ya gangaro ya tsallake hancinta. Ba sabon labari ba ne. Ta dai fi son ya zama laifin ɗan farin abin nan da ake iya kaiwa gyara.

Can wani abu ya faɗo mata. Chausiku, 'yar ƙanen Bi Mwanaidi, wadda kowa ya san ita tsohuwar ta so haɗawa da Kombo, ita ta yi mata kitso bayan ta tashi daga zazzaɓi. Ranar tana ta cewa, "Ke wai ba kya jina ne?" tana zagayowa ɗaya gefen tana dariya. Kuma a wajen maulidi, Chausiku ce ta share wuri ta ce wa gwaggon tata, "Shangazi, zauna nan kusa da amaryarmu."

A gefen Tunu na hagu.

Tunu ta miƙe zaune.

*

Ranar Lahadi bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Bi Mwanaidi da ke unguwar Magomeni. Mata sun zauna, maza daga can bakin ƙofa, Kombo a cikinsu kansa a ƙasa. An ajiye shayi da ƙosan shinkafa, ba wanda ya taɓa.

Ba a gayyaci Tunu ba. Da ta yi sallama sai idanu duka suka koma kanta.

Chausiku ce ta fara farfaɗowa. Ta taso da fara'a.

"A'a, amarya da kanta! Shigo, 'yar'uwa. Ga wuri nan kusa da Shangazi."

Ta nuna tabarmar da za ta sa tsohuwar ta faɗo a hagun Tunu. Tunu ta dube ta, ta zauna a inda aka nuna mata ɗin, ta sunkuya.

"Shikamoo, Mama."

Bi Mwanaidi ta gyara mayafinta ta dubi bango.

"Ku ce wa baƙuwa wanda ba ya amsa kira ba a amsa masa gaisuwa."

"Mama, alfarma ɗaya nake roƙo. Bayan ita duk abin da kuka yanke na karɓa."

Ta buɗe jaka ta fito da ɗan akwatin. Ta miƙa wa tsohuwar na daman.

"Mene ne wannan kamar ƙwayar magani?"

"Ki sa a kunne."

"Ni? In sa abin 'yan babur a kunnena?"

"Don Allah, Mama."

Wata dattijuwa daga gefe ta ce, "Sa mana, Mwanaidi, ba ya cizo." Tsohuwar ta yi tsaki ta cusa shi. Tunu ta kunna ƙasidar yabon Annabi. Fuskar Bi Mwanaidi ta ɗan saki ba da sonta ba.

"Kina ji?"

"Ina ji mana, ni kurma ce?"

Tunu ta karɓe shi daga hannunta, shi wannan ɗin da ya gama yin sauti yanzu. Ta ɗaga mayafinta, ta saka shi a kunnenta na hagu.

Daga bakin ƙofa Kombo ya miƙe tsaye.

Ta jira. Ta ƙara sautin har ƙarshe, har matan da ke kusa suka fara jiyo ƙarar tana tsiyayowa. Ta jira kuma. Sannan ta ɗago, hawaye na zuba, muryarta a kwance.

"Ni ba na jin komai, Mama. Ko kaɗan. Tun zazzaɓin damina. Ban taɓa jin kiranki na ƙi amsawa ba. Tsoro ne ya hana ni yarda, ko ga kaina."

Ta share hawayenta ta ci gaba.

"Na san abin da kike gudu a zuri'a. Ban sani ba ko zai warke, ban sani ba ko ɗayan zai bi shi. In don wannan za a fasa, a fasa. Amma kada a fasa a kan na raina ki."

"Ni dai ba zan fasa ba!" Kombo ya faɗa daga can.

"Kai rufe mana baki!" in ji uwarsa. "Mai gyara, abu a gabanka ka kasa faɗa." Ta juyo ga Tunu, ta daɗe tana kallonta. "Ranar maulidi, na ce ki miƙo min ruwa..."

"Ban ji ba."

"Na ce ke da uwarki ba ku da tarbiyya."

"Shi ma ban ji ba, Mama."

"To alhamdu lillahi," in ji dattijuwar nan, wasu suka ƙunshe dariya a mayafi.

Bi Mwanaidi ba ta yi dariya ba. Ta dubi tabarmar da take kai, ta dubi gefen da Tunu take, sannan ta ɗaga ido a hankali.

"Chausiku."

"Na'am, Shangazi?"

"Ranar maulidi wa ya zaɓa min wurin zama?"

"Ni... ai girmamawa ce..."

"A kasuwar kifi wa ya ce in kira ta daga inda muke tsaye, kada mu ƙarasa? Yau kuma wa ya shimfiɗa tabarmar nan?"

"Shangazi, wallahi ni ban..."

"Ke kike mata kitso. Kanta a cinyarki yake wuni. Tashi ki duba min shinkafa a wuta, kada in faɗi abin da ubanki zai ji."

Chausiku ta fice ba ta ko nemi takalminta ba.

Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya. Ta sa hannu da kanta ta zare iyafis ɗin daga kunnen Tunu, ta ajiye shi a kan tabarma.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, yarinya, abin ya tsaya min a rai. Ina tsoron jikokina. Amma na zauna da mata masu kunne biyu lafiyayyu da ba su taɓa jin magana ba. Ke kin zo gaban mutane kin tuɓe abin da za ki iya ɓoyewa har a ɗaura." Ta goge ido da gefen zane. "Gobe da safe ki shirya. Ni zan kai ki asibiti, ba wancan mai buroshin ba."

"To, Mama..."

Bi Mwanaidi ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Matan suka janye ƙafafu. Ta zagaya ta bayan Tunu, ta zauna a damanta, kafaɗa da kafaɗa.

"Sake gaishe ni."

Tunu ta sunkuya.

"Shikamoo, Mama."

Tsohuwar ta kai bakinta daidai kunnen da ke ji.

"Marahaba, 'yata."