Kunyar Haihuwar Fari

"Inna ta ce ki bar zuwa asibitin nan, Shafa."

Shafa'atu ta ɗago ta dubi mijinta. Agali na tsaye bakin ƙofa, ya ja rawani ya rufe baki kamar yadda yake yi duk lokacin da maganar ba tasa ba ce.

"Inna ta ce. Kai kuma mi ka ce?"

Bai amsa kai tsaye ba. Ya ce labari ya kai har ƙauyensu na Mai Yara, wai matarsa na zama ƙarƙashin bishiyar asibitin Dakoro tana faɗa wa mata, har da maza, yadda jini ya zubo mata. Wai tana ambaton ɗan farinta a gaban surukan mutane. Dangi sun ce ta zubar masu da mutunci, ko ta daina, ko ya sawwaƙe mata.

Hawaye suka cika mata ido.

Bara, da cikinta ya tsufa, an kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Ɗan Gulbi. Tun tana budurwa ake ja mata kunne cewa mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta kiran uwa. Da naƙuda ta zo, sai ta cusa bakin zane a baki ta cije. Ta ga jini, ta yi shiru. Mahaifiyarta na tsakar gida tana daka, tana alfahari da jarumtar 'yarta. Shi kuwa Agali yana bayan darni, yana jin nishinta, kunyar surukai ta hana shi ko sallama.

Kowa ya yi abin da aka koya masa. Kafin amalanke ya kai ta inda za a samu mota, yaron ya daina motsi. A asibiti aka ceto ranta, aka kuma faɗa mata da wuya ta sake haihuwa.

Tun da ta miƙe take komawa wajen. Ba ma'aikaciya ba ce. Tana dai zama da masu jinya, ta raka wadda ke tsoron likita, ta fassara wa wadda ba ta jin Faransanci, ta roƙi iyaye su riƙa tambayar 'ya'yansu inda ke masu ciwo.

"Abin ƙaunata," ta ce, "na yi shiru sau ɗaya don in faranta ma dangi. Ka ga abin da munka samu... Kada ka sa ni in sake."

"To ni in yi yaya da uwata?"

"Ban sani ba, wallahi."

Bai sake ta ba, bai kuma tare mata ba. Ya ce ta je gidan gwaggonta ta zauna har ƙura ta lafa. Ta tafi da 'yar jakarta, tana jiran ya kira sunanta. Bai kira ba.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata ranar kasuwa tana zaune da wata tsohuwa mai jinyar jika, sai ga mota ta tsaya da ƙarfi. Agali ne ya fito, rawani a warware, ɗauke da ƙanwarsa Ramla, wadda ke goyon cikin fari wajen Inna. Fuskarta ta kumbura, idanunta sun kakkafe.

Shafa'atu ta miƙe zumbur. Ta ruga ta kira ungozoma, ta riƙe hannun Ramla har ƙofar ɗakin fiɗa.

A waje Agali ya ba ta labari. Ramla ta taɓa jin maganar Shafa'atu a ɓoye. Da ganinta ya fara dushewa, sai ta buɗe baki ta faɗa wa yayanta a gaban Inna. Inna ta ce rashin kunya ne, a jiƙa mata sassaƙe. Shi kuma ya sunkuce ta ya fito.

Da kukan jaririya ya taso daga ciki, Inna da ta biyo su a baya ta durƙushe gindin bishiya. Ba ta nemi gafara ba. Ta dai matsa gefe a kan tabarma, ta ce wa Shafa'atu ta zo ta zauna, rana ta yi zafi.

Agali ya tsuguna gabanta, a gaban uwarsa da kowa.

"Mu tahi gida, Shafa. Asibitin ma ni zan riƙa kawo ki. Ki koya mani abin da zan hwaɗa ma maza a kasuwar dabbobi."

Ta gyaɗa kai, hawaye na gangarowa. Akwai tambayar da ta daɗe tana riƙe da ita, domin tana sume aka ɗauke yaron aka kai shi makwancinsa, kunya kuma ta hana ta yi.

"Namu... da wa ya yi kama?"

Agali ya runtse ido.

"Da ke," ya ce. "Har ɗan ramin nan na haɓa."

Ta kai yatsa ta taɓa haɓarta. Sai ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda duk asibitin ya ji, ba wanda ya ce ta yi shiru.