Facin da Ta Warware

Su uku ne a ɗaki ɗaya: Maigadi, matarsa da yake kira Zumata tun suna saurayi da budurwa, da 'yarsu Lele. Kakin aikinsa ɗaya ne tak. Ba su da kujera, kwanciyar hankali ma ta daɗe ba ta leƙo su ba.

Ran nan aka koro Lele daga makaranta saboda takalminta ya yage. Maigadi ya dawo ya tarar tana kuka, sai ya rufe matarsa da faɗa a tsakar gida, maƙwabta na ji.

"Wai ke me kike tsinanawa a gidan nan? Ni kaɗai nake shan wahala!"

Maganar ta tsaya mata a rai.

Washegari da ya fita ɗebo ruwa, ta sauko da kakin daga igiya, ta ɗauki reza. Facin gwiwa, na hammata, na aljihu, duk ɗinkin da ta yi cikin shekara huɗu, ta bi ta warware.

"Umma, me kike yi?!"

"Kayana nake kwashewa."

Ya shigo ya ɗaga kakin, duk ɓula kamar rariya.

"Innalillahi! Yau fa manaja zai duba mu! Wanda ya zo a yage korarsa ake yi!"

"Ga allura, Baban Lele. Ni ai ba na tsinana komai."

Ya zauna a ƙasa. Ya yi ta fama, zaren ya ƙi shiga kafar allura. Ta harɗe hannu tana kallonsa, wani sanyi na ratsa zuciyarta.

"An sallami mutum biyu makon jiya..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na kasa faɗa miki. Ko barci ba na yi, Zumata."

"Shi ne ka huce a kaina?"

"Na yi kuskure..."

"A tsakar gida ka faɗa. A can za ka janye."

Ya dube ta, ya ga ba wasa. Ya fita daga shi sai singileti.

"Jama'a, ku shaida! Matar nan ita ke rufa mini asiri!"

Wata maƙwabciya ta tuntsire da dariya: "Yau ka sani?"

Sai a lokacin ta karɓi allurar, hawaye na ɗiga a kan kakin.

"Miƙo gwiwar wandon, sarkin faɗa. Lokaci na tafiya."

A ranar Lele ta gane cewa in Baba ya ɗaga murya, tsoro yake ji, ba laifinta ba ne.