Nama Ranar Juma'a

Burodi biyu, taliya, tumatir, rabin kilo na naman shanu. A ƙarƙashin naman, ƙullin hodar iblis. Abin da ke cikin kwandon ke nan lokacin da Sufeto Nunzia Capuano ta cafke shi, ana jan sa da igiya zuwa tagar bene na huɗu.

Da safiyar nan aka tsinci gawar wata ɗaliba a bakin lungun. Gurɓatacciyar hoda ce ta kashe ta, irin wadda Rosario Iovine ke sayarwa. Shi kuwa duk unguwar ta rantse ya gudu Jamus.

Sufeto ta shiga shagon da ke ƙasan benen.

"Wa ya zuba kayan nan?"

"Ni na sa burodi, Sufeto," in ji mai shagon. "Donna Titina ke zuro kwando kullum, kamar kowace tsohuwa a Napoli. Wani ya wuce ya ƙara nasa, ina zan sani?"

"Naman fa?"

"Ita ta ce."

"Yau Juma'a, cikin azumin Kirista, ranar da ba a cin nama. Matar da ke riga limamin coci isa coci ce za ta ci nama yau?"

Mai shagon ya shiga goge teburin da ba datti.

Ta hau bene, Saje Gargiulo na haki a bayanta. Donna Titina, uwar Rosario, ta buɗe ƙofa tun kafin a buga. Ta haura tamanin, sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu.

"Kayana ne," ta ce. "Ni nake sayarwa. Rubuta, 'yar nan."

"Wa ya koya miki wannan karatun, Kaka? Ya ce alƙali ba ya ɗaure tsofaffi, ko?"

"Ɗana yana Jamus."

Sufeto ta sa Saje ya sake zura kwandon ƙasa da kayansa, ta miƙa wa tsohuwar igiya.

"To, jawo kayanki."

Tsohuwar ta ja. Igiyar ta zame, ta tafi da fatar tafin hannunta. Ta sake kamawa da jinin.

Sufeto ta juya ta ɗaga murya, bango take wa magana.

"Kana ji, Rosario? Hannun uwarka na jini. Yanzu zan sa masa ankwa, in sauko da ita bene huɗu gaban maƙwabta."

Ta jira. Ko tari ba a yi ba.

"Wallahi ko kare ya fi ka," ta ce. "Saje, ture kabad ɗin can. Ƙasansa kaɗai ne ba ƙura."

Bayan kabad ɗin akwai ɗan ɗaki, da katifa da fanka. Rosario na tsugune cikin singileti.

"Ai ba abin da za a yi mata," ya ce. "Lauya ne ya faɗa. Ni kuwa shekara ashirin za su ba ni."

"Hodar da ta kashe yarinyar fa?"

"Tawa ce. Amma ban ɗura mata ba."

Saje ya tasa ƙeyarsa. Ya wuce uwarsa bai dubi hannunta ba. Ita kuwa ta bi su har bakin matakala tana cewa a ba shi rigar sanyi.

A ƙasa Saje ya tura shi cikin mota.

"Tsohuwar fa, Sufeto? Ta amsa laifi da bakinta. Oga zai so sunanta a rahoto."

Nunzia ta buga ƙofar motar da ƙarfi.

"Ba zan rubuta ba. In Oga yana son ta, ya hau bene huɗu ya kamo ta da kansa."